Inda 'Yar Alhaji Take Zuwa

Cikin duk kwanakin da na yi a wannan kamfani, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce wata Laraba cikin damina, lokacin muna ofishinmu na farko a Bosso. Ku da kuka shigo bana ba ku san wurin ba. Shaguna biyu ne aka fasa bango aka haɗe, mu shida a ciki, da wani janareto mai tari kamar tsoho. Mai ginin, Alhaji Sani, kyauta ya ba mu wurin saboda ganin mutuncin Oga Ndagi, wanda ya kafa kamfanin. Dattijon kirki ne, ranar Juma'a har fura yake aiko mana.

A lokacin manhajarmu ta kiran keke mai ƙafa uku ba ta daɗe da fitowa ba, kuma mata suka fi amfani da ita, musamman ɗalibai. Ni ce mai kula da rumbun bayanai, wato inda ake ajiye sunan kowane fasinja, da inda aka ɗauke shi, da inda aka sauke shi, da ƙarfe nawa. Makullin yana hannuna. Tun farko na haɗa wata rajista: duk ma'aikacin da ya buɗe bayanan fasinja, na'ura za ta rubuta sunansa da lokacin. Ba a buɗewa sai fasinjan ne ya kawo ƙorafi da kansa, kamar wadda ta manta jaka a keke. Abokan aiki suka yi ta tsokanata, wai Malama Hajara ta ɗora mana mala'iku a kwamfuta.

Ranar nan, bayan azahar, Oga Ndagi ya kira ni waje. Ya ce 'yar Alhaji, Zainab, ɗaliba ce, kuma wasu ranakun ba ta komawa gida sai magariba. Ta ce karatu take tsayawa yi, amma wani ya ce ya gan ta can unguwar Limawa. Alhaji yana son sanin duk inda kekenmu ke kai ta.

"Hajara, abeg, minti biyu ne kawai," in ji Oga. "Uba ne fa, ba ɓarawo ba."

Na ce, "Oga, in na buɗe, sunana zai fito a rajista."

"To kashe rajistar mana. Ba ke kika haɗa ba?"

"Wannan zan iya kashewa. Masu rubutun da ke kafaɗuna fa, wa zai kashe su?"

Ya kama kai ya ce ban san halin da muke ciki ba, in Alhaji ya kore mu ba mu da wurin zuwa. Gaskiya ya faɗa, kuma na tausaya masa. Ba zan ɓoye muku ba, da na koma kujerata na rubuta rabin sunan yarinyar kafin na goge. Ba don Alhaji kaɗai ba, ni ma zuciyata tana son jin gulmar.

Washegari Alhaji ya zo da kansa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "'Yata, tun rasuwar mahaifiyarta ni ne uwa, ni ne uba. Abinci ma ba ya shiga cikina. Ki taimake ni." Idonsa ya kawo ruwa, ni ma sai da na sunkuyar da kai.

Na ce, "Baba, ranar da ta saka lambarta a manhajar nan mun yi mata alkawari ba za mu nuna wa kowa ba. Amana ce, kuma ka fi ni sanin hukuncinta."

"In wani abu ya same ta fa?"

"In ta ɓace, Allah ya kiyaye, hukuma za ta kawo takarda, a ranar zan buɗe. Amma kullum a gidanka take kwana, Baba. Ka tambaye ta."

Ya miƙe yana kaɗa babbar riga. "Yarinya ce za ta koya mini tarbiyya?" Ya fita ko sallama babu.

Ƙarshen wata aka ce mu tashi. Muka kwashe kwamfutocinmu a keke muka koma wani shago guda a Maitumbi, rufinsa yana yoyo, bokiti a tsakanin teburori. Mako biyu Oga ba ya min magana sai ta aiki. Amma ku lura, kamfaninsa ne, da ya so da ya karɓi makullin ya buɗe da kansa, kuma bai yi ba. Rifkatu, mai amsa kiran fasinjoji, 'yar Kudancin Kaduna, ita ta dafa ni ta ce, "Da ƙanwata ce, haka zan so ki yi."

Bayan wasu watanni ina jiran keke a bakin titi, sai mota ta tsaya. Alhaji ne. Ya sauke gilashi ya ce, "Na tambaye ta da bakina. Muka zauna, ta yi kuka, ni ma na yi." Ya tsaya yana kallona, kamar yana jiran in ce to ina take zuwa. Ban tambaya ba. Ya yi murmushi ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata." Wurin dai bai dawo mana da shi ba, ya riga ya ba mai kemis.

Abin da na koya shi ne, a aikin nan mai neman ka ci amana ba ya zuwa da fuskar mugu. Da hawaye yake zuwa, da dalili mai kyau, kuma sau da yawa wanda ya yi maka alheri ne. Shi ya sa ranar farko nake zaunar da kowannenku a gaban rajistar nan kafin in nuna muku komai. Zainab har yanzu tana hawa kekenmu, makullin kuma yana hannuna, amma har yau ban san inda take zuwa ba.