Buhun albasar da na kai wa shef ɗin ɗiyata

Shekarun baya, lokacin da ɗiyata ta fari ta gama lise, wato sakandare, ta zo mini da wani tsarin karatu da ban taɓa ji ba. Wai za ta zama injiniya mai haɗa ordinatar, wato kwamfuta, da rezo na sadarwar ma'aikata su yi aiki tare, amma rabin sati tana karatu a lakwal, rabi tana aiki a wani kamfani. In kamfanin ya sallame ta, diplom ya tafi.

Na ce, "Ai wannan koyon sana'a ne wurin maigida. Haka na tashi."

Ni dillalin albasa ne a Petit Marché. Ranar da mahaifina ya kawo ni Yamai daga Tawa, bai shiga wurin maigidana hannu sake ba. Ya ajiye goro, ya ce ga amana. Don haka da yarinya ta fara aiki, na zaɓi buhun albasar Galmi wadda ba ni sayar wa kowa, na ɗaura a moto, babur ɗina, na nufi buro ɗinsu, inda take aiki. Ban gaya mata ba.

Ashe shef ɗin, maigidan nata, mace ce, Bazabarma, ba ta da yawan dariya. Na gaishe ta da Zabarmanci, na ce fofo, na dire buhu, na ce, "Madam, ga amana."

Ta dubi buhun ta dube ni. "Alhaji, ni ce zan ba ɗiyarka maki. Ka san sunan wannan buhun a dokar gidan nan?"

Da yamma yarinya ta iso gida, unguwar Talladjé, ido jajir. "Baba, albasa? A gaban kowa? An kai maganar wurin direkta. Cewa suke ka zo sayen maki, ƙila su kore ni."

Uwarta ta ce, "Kai da ko lambar waya sai an danna maka, me ya kai ka ɗakin injiniyoyi?"

Washegari na koma, na nemi direktan da madam ɗin tare. Na ce, "Ni na kawo, ita ba ta sani ba. A wurinmu haka ake miƙa yaro. In sayen maki na zo yi, da ban shigo ta ƙofar gaba da buhu a kafaɗa ba. Ban taɓa sayar da kaya a rufe ba. Ku buɗe ta ku duba. In ba ta iya ba, ku maido mini ita."

Suka amince, bisa sharaɗi. Zan ɗauke buhuna, kuma wasu daban za su gwada ta, ba madam ba. Aka ba ta sabon reshe da kamfanin ke buɗewa wajen Gamkalley, ta tsara komai tun daga wayoyin bango har yadda bayanai za su tsira in kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Ta rame a wannan aikin. Ranar gwaji da gangan suka kashe wuta, kuma babu abin da ya ɓace. Ta zauna, ta gama, ta karɓi diplom ɗinta.

Bayan bikin karɓar diplom, ina rumfa sai ga madam ɗin riƙe da hannun ɗiyata. Ta ce, "Alhaji, ga amanarka, na maido." Sannan ta sayi tiya guda ta albasa, ta biya cif. Na cika mata leda da gyara har ta fi abin da ta saya. Ta buɗe baki, na riga ta: "Wannan kowa ina yi wa, Madam. Tambayi kasuwa."

Ranar na fara jin dariyarta.

Yau ɗiyata ke koyar da sabbin yara a wurin. Har yanzu ban gane rabin aikinta ba, amma in ta wuce ta kasuwa ina miƙewa tsaye in nuna ta. Kuma ta ce in wani uba ya shigo da buhu, ita da kanta za ta taya shi ɗorawa a moto ya koma da abinsa.