Kawu Sajan da Talabijin a Bakin Taga

Kawuna, yayan mahaifiyarmu, shekara ashirin da shida ya yi yana gadin ƙofar wata masana'antar sabulu, kuma ko ɓarawon kwali bai taɓa kamawa ba. Yana saurayi ya nemi aikin ɗan sanda har sau biyu, duka biyun aka auna shi aka ce tsawonsa bai kai ba. Shi ya sa abokin gadinsa, wanda kowa ke ce wa Dogo, ya laƙaba masa Sajan don tsokana. Sunan ya bi shi har gida.

Ɗakin gadinsu benci ɗaya ne, sai fanka mai ƙugi da wata 'yar talabijin. A nan suka kamu da son finafinan nan na sakarkarun 'yan sanda biyu: ɗaya ɗan gayu mai bin doka, ɗaya ƙazami mai ci a mota, su bi ɓarawo ɗaya su rushe rabin kasuwa, shugabansu ya yi ta zazzaga musu masifa. Yaren da ake yi a ciki babu mai ji a cikinsu. Sai Kawu ya riƙa kashe sautin yana yin muryoyin da bakinsa. Dogon ɗan sanda kullum shi ne Dogo, gajeren shi ne Sajan, duk wautar kuma a kan Dogo take ƙarewa.

Bayan sun bar aiki, shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Dogo, bakinsa ya karkace, magana ta ɗauke. Kawu ya mai da Asabar ranar zuwa. Yakan ɗora tasa talabijin ɗin a baro, ya lulluɓe ta da tsohon bargo, ya tura har gidan.

Wata Asabar babban ɗan Dogo, malamin makaranta ne mai kamun kai, ya shigo ya tarar Kawu na nuna ɗan sandan da ya maƙale a cikin duro yana kiran sunan ubansa, uban kuma kafaɗa na rawa don dariya, yawu na zuba. Ransa ya ɓaci. Ya raka Kawu waje cikin ladabi, ya ce mahaifinsa ba abin wasa ba ne. In gaisuwa ce a zo kamar kowa, amma akwatin nan kada ya sake ƙetare ƙofarsu.

Mahaifiyarmu ma bayan yaron ta bi. Ta ce Yaya ya dubi furfurarsa, wannan shirmen ko yara sun fara gajiya da shi. Kawu ya ce ai ya san shirme ne, bai taɓa cewa karatu ba ne. Abin da ya riƙe shi, duk haukan mutanen nan biyu, ba a taɓa gama fim, ɗayansu ya bar ɗan'uwansa a rami ba.

"Kowa ya shiga ɗakin nan sai ya rage murya, kamar an riga an yi rasuwar," in ji shi. "Ni kaɗai na rage ina zaginsa. Shi ne za a hana shi?"

Asabar biyu ya yi haƙuri. Da ya ji labarin Dogo ya juya fuska bango yana ture cokali, ta ukun sai ya ɗauko baro, ni kuma na riƙe masa wayar lantarki. Bai nufi ƙofa ba. Tagar ɗakin Dogo lungu take kallo, nan ya girke tebur, ya ja wuta daga shagon mai aski, ya juya fuskar talabijin ciki, ya gyara murya. Kafin a kifar da motar farko a fim ɗin, mai aski ya fito da wanda yake wa aski, rabin kai a aske. Masu wucewa suka tsaya.

Malamin ya fito, ya ce a hankali, Baba, wannan ai tonon asiri ne.

"Ƙofa ka ce, ɗana. Ga ƙofarku can, ga ni nan. Ko lungun ma kai ke gadinsa?"

Daga ciki muka ji ƙarar ƙarfe. Matar Dogo ce ta tokare shi da filo biyu, shi kuma yana buga cokali a jikin gado da hannunsa mai lafiya, irin na a ci gaba. Ta leƙo ta ce wa ɗanta ya shigo da mutumin nan kafin unguwa ta ƙare a tagarta.

Kawu ya ce shi bayansa ya tsufa, wanda ya kori akwati shi zai mai da shi. Kuma ba yanzu ba, don a fim ɗin Dogo na rataye a jikin jirgin sama, ba a barin mutum a haka. Malamin ya tsaya cikin jama'a, hannu a baya, har aka sauko da ubansa a kan tulin shara. Sannan ya naɗe hannun rigarsa ya rungumi talabijin, Kawu na biye yana ce masa ya lura da dokin ƙofa.