Ciyawar Bakin Danga

A bayan gidanmu na Nasarawan Doya akwai ɗan lambu da maigidana ya kewaye da dangar kara tun muna da ƙarfinmu. Kuɓewa muke shukawa a ciki, da yakuwa, da rama, da ɗan barkono a lungu. Da Allah ya yi masa rasuwa na fita takaba, lambun nan ya zama shi kaɗai ne inda nake zuwa in ga wani abu yana motsi. Yara duk sun watse, kowa yana inda abincinsa yake. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina koyar da 'yan firamare, kunnena ya saba da hayaniya, sai ga ni a gidan da ko cokali ya faɗi a kicin ana jin ƙararsa har zaure. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai, ba abin ɓoyewa ba ne.

'Yata ta fari tana auren ɗan wata dattijuwa a unguwarmu, wadda kowa ke kira Inna. Suna can Fatakwal da jikokinmu. Inna ma mijinta ya daɗe da rasuwa, tana zaune a ɗaki ɗaya a gidan ƙanen mijin, ita da awakinta. To mu nan, uwar miji da uwar mata ba sa zaman hira, akwai kunya tsakani. In muka haɗu a gidan suna ko wajen gaisuwar mutuwa, sai a durƙusa a gaisa kai a sunkuye, kowa ta kama gabanta. Ba ta cin abinci a gidana, ni ma ba na ci a nata. In kuwa aka ga ɗaya ta shiga wajen ɗaya ta daɗe, kafin magariba unguwa ta ɗauka auren yaran ne ya samu matsala.

Sai dai da damina awaki a ɗaure suke kada su yi wa mutane ɓarna a gona, dole mai su ya nemo musu abinci. Lambuna kuwa in dai ciyawa ce ba a magana. Harƙiya da kiri-kiri da aya-aya, ka cire yau, jibi su gaishe ka. Wata rana bayan la'asar ina duƙe ina fama da su, sai na ji sallama ta wata kafa a jikin dangar, inda karan ya ruɓe. Na ɗago, ga Inna da tsohon buhu a hannu.

"Malama, sannunku da aiki. Ko a taimaka wa awaki da abin da kuke zubarwa?"

"Inna, ai ni za ku taimaka wa. Bismillah, ku shigo."

Neman ciyawa ba ziyara ba ne, babu mai ɗaga ido a kansa. Daga ranar kullum bayan la'asar sai ta zo ta kafar nan. Ba ma fuskantar juna. Ta tsuguna can, in tsuguna nan, hannu na aiki, baki na aiki. Ba ta kama sunan ɗanta, ni ma ba na kama sunan 'yata, su duka 'ya'yan fari ne. Mutanen Fatakwal muke ce musu.

"Mutanen Fatakwal sun bugo waya?" in ji ta.

"Sun bugo jiya. Wai ƙaramin ya fara tafiya."

"Tun yanzu? Wannan gidanku ya gado, Malama. Namu sai sun gaji da jan gindi."

Ta iya tsokana, abin da ban taɓa sani ba duk shekarun da muka yi muna gaisuwa kai a ƙasa. In ta ga na tsinke kiri-kiri na bar saiwar, sai ta ce alli ya lalata mini hannu. Ni kuma in ce mata awakinta sun fi mutanen unguwar nan ƙiba. Nakan bar 'yar kujera a gindin zogale kamar na manta da ita, takan zauna a kai kamar ba ta san don ita aka bari ba. Ruwa dai ko sau ɗaya ba ta sha ba. Haka muka ci damina muka sake cin wata, kuma in faɗi gaskiya, tun daga sallar asuba la'asar nake jira.

Ana nan gwiwoyina suka ce ba su san zancen ba. In na tsuguna sai na dafa turken danga kafin in miƙe. Likita a Makarfi ya ce in daina duƙawa, kamar ciyawa za ta ji maganarsa ta haƙura. 'Yata ta bugo tana faɗa, wai in sa a yi feshi kawai. Na ce abin da zan zuba a tukunya ba na yi masa feshi.

Dabarar daga fadama na samo ta. Ƙanen maigidana ne ke noma mana rake, kuma wata rana da na je dubawa na lura duk inda aka tara busasshen ganyen rake, in ka ɗaga, ƙasa baƙa ce mai sanyi, ko tsinken ciyawa babu. Na roƙe shi kada ya ƙona, ya kawo mini amalanke guda. Na karɓo ɓawon gyaɗa wajen matan da ke yin ƙuli-ƙuli. Da ruwa ya zauna, shuka ta yi tsawon tafin hannu, na sa aka yi mini noma ɗaya mai kyau, sannan na bi na shimfiɗa ganyen da kauri, yadda rana ba za ta ga ƙasa ba. Gindin kowace shuka na bar masa ɗan fili don ya sha iska, kada ya ruɓe ko gara ta samu hanya. Wajen barkono na zuba ɓawon gyaɗar. Maƙwabta suka leƙo suka ce Malama ta mayar da lambu juji, za ta tara mana macizai. Na ce macijin da ya ga dama ya zo, zai tarar da ni a tsaye, ba a duƙe ba.

Abin ya yi kyau fiye da yadda na zata. Ciyawar da ta yi taurin kai ta leƙo, fara ce sol, da yatsa biyu ake zare ta. Ko an kwana biyu ba ruwa, ka sa hannu ƙarƙashin ganyen za ka ji danshi, ga tana tana yawo. Kuɓewa ta yi 'ya'ya har na rasa yadda zan yi da ita. Na yi ta jin daɗi, ina ganin na yi maganin abin da ya dame ni.

Inna ta shigo ta kafarta, ta tsaya da buhu tana kallo daga wannan kusurwa zuwa waccan.

"Lambu ya yi kyau, Malama. Kun huta."

Ta bi gefen danga ta tsinci abin da bai cika hannu ba. Washegari ta dawo, abin da ta samu bai kai na jiya ba. Ba ta da dalilin zama, don haka ba ta zauna ba. Daga nan ban ƙara jin sallamarta ba.

Sai a lokacin na gane abin da na binne da ganyen rake. La'asar ta yi, in fita in tsaya a lambu mai tsabta, babu abin cira, babu mai cewa alli ya lalata mini hannu. Kujerar tana gindin zogale har ruwa ya fara cin ƙafarta. In jikokina suka yi wani abin dariya a waya, sai in riƙe labarin a baki, in rasa wanda zan ba. Na fi jin kaɗaicin nan fiye da na farko, domin yanzu na san abin da na rasa.

Sau ɗaya na cika kwano da kuɓewa na kai mata gida. Matan gidan suka taso da tabarma, aka kewaye mu. Muka durƙusa, ina wuni, ina gajiya, yaya ruwa, yaya jama'a, aka yi ta jera gaisuwa har ta ƙare. Ta yi godiya kai a ƙasa, na yi sallama kai a ƙasa. Ban kai gida ba wata ta tare ni a hanya tana tambaya ko lafiya yaran suke.

Na kwana biyu ina juya abin a raina, sannan na ɗauki manjagara. Na je ɓangaren da ke bakin kafar danga, na janye ganyen raken gefe guda, na buɗe ƙasa kamar faɗin tabarma biyu. Ni da na yi shekaru ina yaƙi da harƙiya, sai ga ni da safe ina leƙawa ko ta fito, har ruwan wanke-wanke nake zuba mata. Ba ta ba ni kunya ba, ta taso koriya shar. Saura yadda Inna za ta ji, tunda aike ba zai yiwu ba. Da mai tallan daddawa ta shigo, wadda ba gidan da ba ta shiga, na yi ta yi mata ƙorafi da ƙarfi cewa ciyawa ta ci ƙarfina a bakin danga, na rasa mai raba ni da ita.

Washegari bayan la'asar na ji sallama. Inna ta shigo tana ɗan ɗingishi. Ta dubi ciyawar, wadda gefenta ya miƙe sak kamar an ja da igiya, ta dubi tulin ganyen da na janye.

"Ganyen raken bai kai nan ba ke nan, Malama?"

"Bai kai ba, Inna."

"Haka ne. Amalanke ɗaya ba ya isa."

Ta tsuguna can, na jawo wata kujerar na zauna nan. Na kwashe duk labaran da na tara na ba ta, ta yi dariya har tana share ido da gefen mayafi. Da magariba ta gabato ta ɗaure bakin buhunta, ta ɗora a ka, ta fita. Ta ci gaba da zuwa, tana cira kaɗan-kaɗan kada ta ƙare.

Bayan wasu makonni 'yata ta bugo. Cikin hira na ce mata awakin Inna suna shan gata a lambuna. Sai ta ce, "Umma, wane awaki? Ai tun da ta zame a bakin rafi wajen neman ciyawa maigidana ya sa aka sayar da su. An fi wata biyu."

Na ajiye wayar na daɗe a zaune. Da la'asar ta yi na fita lambu. Inna ta zo da buhunta, ta cika shi kamar kullum. Da za ta ɗauka na tashi, duk da gwiwar, na kama mata gefe ɗaya na ɗora mata a ka. Ban tambaye ta awaki ba.

"Gobe akwai saura?" ta ce.

"Akwai, Inna. Ba ta ƙarewa."