Kalangun Ubale Mahauci

Baba Ubale mutumin Kiru ne, mahauci ɗan mahauci. Ya tafi Riruwai da wuƙaƙe biyu da tabarma lokacin da haƙar kuza take tashe, leburori sun cika gari ba masaka tsinke. A ƙofar gidansa ya ba ni wannan labari bayan ya dawo, yana faɗa yana yi wa kansa dariya.

Ya ce a can ba a tallar nama da baki. Ranar Asabar, ranar biyan leburori, in mahauci ya kayar da sa, sai makaɗi ya tsaya bakin rumfarsa da kalangu, duk gari ya ji. Ladan makaɗi nama ne, daga tozo. Manyan mahauta biyu ne a garin, Ubale da wani Rufa'i, ba sa ga maciji. Amma makaɗinsu ɗaya, Mamman, siriri kamar sillen kara. Duk abin da Ubale ya tara a shekara shida, shanu bakwai ne a turke.

Da ranin 1958 aka rage aiki, wai masu sayen kuza sun ƙoshi. Cikin mako biyu leburori suka naɗe tabarmi. Asabar ta zo, Ubale ya yanka sa kamar kullum. Mamman ya yi kiɗa har gumi ya jiƙa shi, ba wanda ya amsa sai ƙuda da karnuka biyu.

Da la'asar Ubale ya ja shi gefe. "Kai Mamman, can wajen mutumin naka fa?"

"Rufa'i? Ai maigida, ko ƙashi bai rage ba. Har ya ce in gaishe ka, in ƙarfinka ya ƙare ka faɗa, ya ɗauke ka fiɗa."

"Ni? Ni Ubale? Asabar mai zuwa ka zo da sassafe!"

Naman da ya yi kwantai aka shigar da shi ta ƙofar baya. Matarsa Zuwaira ta taya shi yanyanawa, suka shanya kilishi a bayan ɗaki, inda ba idon da zai gani. Haka Asabar ta biyu, haka ta uku. Malamai suka ce zunubin gari ne ya kashe kasuwa. Wanzami ya ce bakin mutane ne. Ubale ya ce ko ma mene ne, ba dai kalangunsa ne zai fara yin shiru ba.

Sa shida suka tafi haka. Kilishi ya cika rumbu, har gero ya rasa wurin zama.

Ranar Asabar ta bakwai ya kwance na ƙarshe, wani fari mai tozo. Zuwaira ta tare ƙofa.

"Maigida, kafin ka wasa wuƙa, ɗaga kai ka duba."

Ya duba. Shirwa sun fi ashirin suna shawagi a saman gidansa.

"To, na gani. Kilishinmu suke so."

"Yanzu duba saman gidan Rufa'i."

Na can sun fi nasa yawa.

Ubale yana nan tsaye da igiya a hannu. Sai ga Mamman ya iso, kalangu a hammata, wuya ya yi kauri, riga ta ƙi rufe ciki. Ubale ya riƙe hannunsa, ya ja shi har rumfar Rufa'i.

"Rufa'i, don girman Allah, sa nawa ya rage maka?"

Rufa'i ya yi ƙasa da kai. "Na ƙarshe ya tafi makon jiya. An ce kai kullum kafin azahar ka kaɗe faranti."

Suka juyo tare kan Mamman. Mamman ya gyara tsayuwa. "To iyayen gidana, da na faɗi gaskiya, wa zan yi wa kiɗa?"

Ranar ba a yi yanka a Riruwai ba. Washegari Ubale ya ɗora kilishi a jakuna uku, ya ja farin sansa, suka kama hanyar Kiru. A kasuwar Tudun Wada ya sayar da abin da ya samu shiga, sauran har yau maƙwabta suna ci.

Na tambaye shi, shi a ganinsa mece ce faɗuwar kasuwa. Ya miƙo mini kilishi, ya ce, "Ɗana, in ka ga masu saye sun tafi, masu sayarwa suna kallon juna, makaɗi kuma yana ƙiba, to kwance sanka ka yi gida."

San yana nan ɗaure a gindin ɗorawa. Shi yake ja masa garma bana.