Sulocana, Matar Swamiji

Duk wanda ya saba sauka bakin kogin Ganga a Haridwar a shekarun baya ya san Sulocana, ko da bai san sunanta ba. Ita ce mai zama a kan matakala kusa da wanzami, tana ɗinke ganye da tsinke ya zama ɗan kwano, ta zuba furanni, ta dasa lagwani a tsakiya, masu ziyara su saya su kunna su saki a ruwa. Shekara ashirin da shida ta yi a wurin nan. Hannunta ya san aikin har ba ta kallonsa, idonta na kan mutane, bakinta kuwa ba mai son ya shiga cikinsa.

Da ba haka take ba. An kawo ta garin tana amarya mai yawan dariya, gidan Banwari mai gyaran agogo. Mutum ne mai sanyi, ba ya sha, ba ya duka, ba ya ɗaga murya. Matan unguwa har cewa suke ta yi sa'ar miji. Su uku ne a gidan, da ita da shi da tsohuwarsa da kowa ke kira Amma.

Tana da cikin fari wani mai jan riga, irin masu yawon bauta, ya tsaya a shagon Banwari ya fake wa ruwan sama. Da zai tafi ya bar masa wani ɗan littafi. Da yamma Banwari ya shigo da shi kicin, Sulocana na murza gurasar capati, ya buɗe mata hoton wani mutum a zaune ya tanƙwashe ƙafa, an jera masa furannin bado guda bakwai tun daga gindin baya har tsakiyar kai.

"Kin ga waɗannan? Cakra ke nan," in ji shi. "Cibiyoyin ƙarfi ne, kowa na da su, ni da ke da Amma. Ta ƙasa tana nan ƙarshen ƙashin baya, akwai ta mara, ta cibiya, ta zuciya, ta maƙogwaro, ta tsakanin gira, sai ta ƙoli. A ta ƙasan nan akwai wani ƙarfi a naɗe kamar macijiya, yana barci. In mutum ya tashe shi da numfashi, ya hau ɗaya bayan ɗaya har ya kai ƙoli, shi ke nan, ya kuɓuta."

"Macijiya a gindinka?" Sulocana ta tuntsure da dariya. "Ashe shi ya sa ba ka iya zama a shago! Baban jariri, matsa mini, capatina zai ƙone."

Shi ma ya yi murmushi ranar. Amma daga nan abin ya fara. Yakan tashi da asuba ya zauna a soro yana toshe hanci ɗaya yana shaƙa da ɗaya. Ya daina cin albasa da tafarnuwa. Agogon mutane suka taru a shago ba gyara. Bayan an haifi 'yarsu Rajni sai ya ɗauke tabarmarsa daga ɗakin Sulocana, ya ce ƙarfin mutum ta cakrorin ƙasa yake zubewa. Rajni na wata huɗu, wata safiya ya ce zai je Rishikesh ya dawo. Ya ɗauki bargo ɗaya, ya bar makullin shago a kan tulu.

Sai bayan shekara biyu wasiƙa ta zo. Wanzamin bakin kogi ne ya karanta musu. Banwari ya ce ya sa jan riga, ya yi wa kansa jana'iza da hannunsa kamar yadda masu barin duniya ke yi, ya canza suna, ba shi da uwa, ba shi da mata, ba shi da 'ya. Ya ce kada su yi baƙin ciki.

Sulocana ta koma gida ta ɗauki tsumma za ta goge jan garin da ke tsagar kanta, alamar matar aure. Tsohuwa Amma ta riƙe mata hannu.

"Ɗana na raye. Muddin ina numfashi ba za ki goge shi ba."

"Amma, shi da bakinsa ya ce ya mutu."

"Ya mutu ga duniya. Ke ba duniya ba ce, matarsa ce."

Haka ta zauna, ba ta cikin masu miji, ba ta cikin masu takaba. In ana biki a unguwa mata su rasa inda za su ajiye ta, don ba su san ko ƙafarta alheri ce ga amarya ko akasin haka ba, sai suka ga ya fi sauƙi su daina gayyatarta. Wanda ya ba Banwari hayar shago ya karɓe shagonsa. Ita kuma ta goya Rajni ta sauka bakin kogi ta fara ɗinkin ganye.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne yabon da ake yi masa. Tsofaffi su tsaya a kanta su ce, "Ke kam kin dace, mijinki ya bi hanyar tsarkaka, har ke za ki samu rabo." Takan ce, "Rabon nawa ga shi nan a goye, yana kukan yunwa. Za ku sayi fure ko za ku matsa?"

Shekara goma sha ɗaya ta yi tana jinyar Amma, wadda ido ya mutu mata, daga baya ƙafa ta bi. Ranar da tsohuwar ta cika, aka aika ko'ina neman ɗanta ya zo ya sa wa gawar wuta kamar yadda al'adarsu ta tanada. Ba a same shi ba, ko kuma an same shi bai zo ba. Wani ɗan ɗan'uwa da bai taɓa kawo mata ko lemo ba shi ya yi. Sulocana ta aurar da Rajni ita kaɗai ga wani kwandastan bas na Saharanpur, wurin da uban amarya ke zama aka zaunar da wanzami.

Rajni na da ɗa na biyu Sulocana ta ga hoton Banwari a manne a bangon tashar mota. Gemu ya yi fari har ƙirji, amma kunnuwan nan masu fitowa waje ba su canza ba. An rubuta cewa Swamiji, kamar yadda ake kiransa yanzu, zai yi kwana bakwai yana bayani, kowace rana cakra ɗaya, a gidan almajiransa da ke gaba da Rishikesh. Ta ɗaura zanen sarinta mafi kyau ta hau bas.

Ranar cakrar zuciya ta tarar. Zaure cike da mutane, 'yan Delhi da Turawa, kowa a zaune a kan darduma. Shi yana can sama a kan kujera mai laushi, ya yi ƙiba, fatarsa na sheƙi. Muryar ce dai ta da, mai sanyi. Ya ce furen zuciya ganye goma sha biyu gare shi, kuma in ya buɗe mutum zai so kowace halitta so ɗaya, ba zai iya ganin tururuwa cikin wahala ya wuce ba. Wata mata kusa da Sulocana tana ta share hawaye.

Da aka gama aka yi layi ana taɓa ƙafarsa. Sulocana ta bi layin, amma ba ta sunkuya ba. Ya ɗago ya dube ta. Ta ga ya gane ta, don kunnensa ya yi ja.

"Uwa, me ke tafe da ke?" in ji shi. Haka yake kiran kowace mace.

"Tsohuwarka Amma ta rasu," ta ce. "Tana kiran sunanka har ta cika. Rajni ta yi aure, 'ya'yanta biyu."

Ya lumshe ido. Sannan ya ce, "Uwa, akwai ƙulli a zuciyarki. Ki riƙa zama da safe kina bin numfashinki, zai kwance." Ya miƙa hannu cikin kwando ya ba ta ayaba ɗaya ta tabarraki. Na bayanta ya ɗan ture ta.

A cikin bas ta ɓare ayabar ta cinye, don tun safe ba ta sa komai a ciki ba. Daga baya takan ce duk abin da ya faru ranar ba wanda ya ƙona mata rai kamar cin ayabar nan.

Bayan shekara huɗu wata farar mota ta tsaya a bakin lungunsu da hantsi. Wani mai tumbi cikin fararen kaya ya fito, ya ce sunansa Dinanat, shi ke kula da harkokin gidan Swamiji. Ya haɗa hannu ya gaishe ta da ladabi mai yawa.

"Uwa, Swamiji ya shiga wani hali. Wata uku da suka wuce, yana cikin zaman bauta ƙarfin ya hau da sauri ya buge cakrar ƙoli. Jiki bai iya ɗauka ba."

"Likita fa me ya ce?"

Dinanat ya sosa wuya. "Su likitoci hawan jini suke kiransa. Ɓarin jiki ɗaya ya shanye, harshe ya karye. Gidanmu kullum cikin baƙi yake, ganinsa haka na raunana musu zuciya. Muka ga ba wanda ya cancanci ladan hidimarsa kamar ke."

"Ni? Ai ni mijina ya mutu. Shi ya rubuto mini da hannunsa."

"Uwa, kada ki ce haka."

"Ku ɗari nawa ne a zauren nan kuna kuka? Duk cikinku ba mai cakrar da ta buɗe ta isa wanke kashi?"

Maƙwabta sun fito sun yi cirko-cirko. Ta nufi motar da niyyar ta ce su juya. Ta leƙa ta taga. Yana kwance a kujerar baya, ya rame, an aske gemun, baki ya karkace, zarnin fitsari ya cika motar. Ido ɗaya ya rufe rabi, ɗayan yana kallonta, kuma tsoro ne zalla a cikinsa. Ta ɗago daga tagar. Sannan ta ce, "Ku shigo da shi. Ku kula da dokin ƙofa."

Rajni ta zo washegari tana faɗa. "Mama, kin haukace? Mutumin da bai san kalar fuskata ba?" Sulocana ta ce ita ma ba ta san dalili ba, kuma har yau ba ta sani ba.

Shekara uku ta yi tana ɗaga shi tana kwantarwa. Da safe ta wanke shi, ta shafa masa man mustad a baya don kada ya yi gyambo, ta ɗura masa kunun shinkafa da cokali, sannan ta sauka kogi, da rana ta hauro ta juya shi. Tana aikin tana magana.

"Ɗaga mini nan, Swamiji. Yau ma cakrar ƙasa ta yi aiki, har zanin gado. Ita kaɗai ce ba ta taɓa yin fashi ba."

Wani lokaci ya yi wani sauti kamar dariya, wani lokaci hawaye ya gangaro ta gefen ido mai kyau. Ta goge da bakin sarinta. Kalmomi kaɗan suka dawo masa, ruwa, zafi, a'a. Sau ɗaya ya kama hannunta ya yi ta kokawa da harshensa, ta sunkuya ta jira, ta jira. Abin bai fito ba. Ko gafara zai nema, ko juyi yake so, ba ta sani ba. Daga gidan almajiran kuwa, a shekarar farko sukan aiko kwandon 'ya'yan itace, daga baya suka daina.

Ya cika wata safiya cikin sanyi, bayan ta gama ba shi abinci. Kafin azahar motoci sun cika lungun. Dinanat ya ce masu jan riga ba a ƙone su, binne su ake a zaune, kuma an riga an haƙa wuri a tsakiyar gidansu. Suka naɗe shi da sabon jan yadi, suka lulluɓe shi da furanni, suka fita da shi ana busa da kiɗa. Sulocana ta bi su a motar ƙarshe. A can aka tsayar da ita bayan mata. Da wani babban baƙo ya tambaya wace ce tsohuwar nan, ta ji Dinanat na cewa, "Wata mai hidima ce, ta ɗan kula da shi a ƙarshe."

Bayan wata biyu wata mata mai tabarau, Misis Ahuja, ta zo da littafi da biro. Ta ce suna tattara tarihin Swamiji, ta zauna a bakin gado tana shafa katifar da girmamawa.

"Uwa, mene ne kalmarsa ta ƙarshe?"

"Gishiri," in ji Sulocana.

"Gishiri?"

"Kunun ba gishiri. Likita ya hana. Kullum sai ya yi mita."

Misis Ahuja ta rufe littafinta a hankali. Da tarihin ya fito, mijin Rajni ya gani a tasha ya karanta musu. An rubuta cewa Swamiji ya yi shekara uku cikin shiru da zaɓin kansa, a wani keɓaɓɓen wuri, ya bar jiki ta cakrar ƙoli yana ambaton sunan Ubangiji.

Ɗaga shi da kwantar da shi ya riga ya gama da bayan Sulocana. Ba ta iya sauka matakala, ba ta iya zama ta yi ɗinki. Ta bar wa wata maƙwabciya wurinta. A al'adarsu uwa ko ruwa ba ta sha a gidan auren 'yarta, amma ba ta da inda za ta, dole ta tattara ta koma Saharanpur. Tana can yanzu a ɗan ɗakin da ke bayan kicin, tana tsince shinkafa, tana kaffa-kaffa da uwar mijin Rajni. In jikokinta suka tambaye ta wane irin mutum ne kakansu, takan ce ya iya gyaran agogo sosai, sannan ta aike su su ɗebo mata ruwan zafi ta gasa bayanta.