Kirarin da Na Yi wa Baban Kusasu

Mu huɗu ne, kuma ba a taɓa cewa kiɗanmu yana da daɗi ba. Mai jitarmu bakanike ne, da wayar birkin babur yake yin tsirkiya. Lasifikarsa ta yage tun da wuri, tana gurnani kamar injin niƙa ya haɗiyi dutse, ya kuma rantse ba zai gyara ta ba. Mai ganga ɗan Gbagyi ne daga Saminaka, mai sarewa Bafulatani, ni kuma aikina ihu. Dattawa suna ce mana mahaukata, amma duk gayyar noma ko biki, daga Kutemeshi har cikin gari, mu samari suke nema.

Sai daji ya lalace. Aka kwashe wa mai sarewa shanu, ya yi kudu, har yau ban san inda yake ba. Mu ukun muka rataye kaya. Wa zai kunna lasifika a inda ko ƙarar babur aka ji sai gaba ya faɗi?

Da abin ya ɗan lafa, mai jita ya zo mini da zancen mu dawo mu yi sabon faifai. Na yi masa dariya, na ce ya dubi furfurarmu, ga haƙorana biyu sun yi gaba. Amma ina so, wallahi ina so. Muka bi rakiyar sojoji zuwa Kaduna, muka yi kwana uku a wani ɗakin ɗaukar waƙa.

A nan na yi abin da har yau yake cina. Akwai wani dattijo manomi a Kusasu, Kirista, Baba muke ce masa. Shi ya fara ba mu fili a gayyarsa lokacin da kowa ke korarmu, shi ya ba mu batirin motar da muke jona lasifika. Yana da kirari a tsohuwar waƙarmu: mai rumbunan da ba sa ganin ƙasa, mai shanun huɗa bakin hanya.

Da muna sake ɗaukar waƙar na zo wurin kirarin, mai ganga ya ajiye sanda.

"Cire wannan," in ji shi. "Na ji an ce Baba ko akuya ba shi da ita yanzu."

"Shi ya sa ba zan cire ba," na ce. "So kake ya ji waƙar ya ce mun yar da shi don ya rasa?"

A sana'armu ba a rage wa mutum kirari don hannunsa ya yi sanyi. Wanda ka kira mai rumbu jiya, haka za ka kira shi har ya koma ga Allah, in ba haka ba ka ci mutuncinsa a bainar jama'a. Na yi fushi, na ce wa mai ganga ya tsaya a kan gangarsa. Don ma in ƙular da shi, na ƙara wa Baba motar ɗaukar kaya da bai taɓa mallaka ba. Na faɗi sunansa da na ƙauyensa, sau uku, da ƙarfi.

Faifan ya karɓu fiye da zatonmu. Masu shagon cajin waya suka riƙa tura wa mutane, ka ji shi a tasha, ka ji shi wurin mai shayi. Kaina ya kumbura. Ko sau ɗaya bai zo mini ba cewa mutanen daji ma suna da waya.

Da rana tsaka suka ɗauke Baba a gona. Mai jita ya bi shago-shago yana roƙon a goge waƙar, masu shago suna ce masa ai ta riga ta tafi. Ni ko abinci kasa ci na yi. Baba ya fi wata a hannunsu, kuma wahalar da 'yan ƙauyen suka sha kafin a karɓo shi ba zan iya faɗar ta a nan ba.

Na tafi gaishe shi, rabona da Kusasu tun kafin daji ya lalace. Inda rumbunan suke, duwatsun gindinsu ne kawai suka rage, sun yi baƙi. Matarsa ta shimfiɗa mini tabarma ba ta amsa gaisuwata ba. Shi yana kishingiɗe a inuwa, an naɗe masa ƙafafu da tsumma.

"Baba, sannu da jiki."

"Yauwa ɗana. Muryarka tana nan, ba ta tsufa ba. Na ji ta sosai." Ya gyara kwanciya da ƙyar. "Duk lokacin da na ce musu ba ni da komai, sai su kunna mini kai. Su ce ga ɗan garinku nan yana faɗa, ko shi ma ƙarya yake? In na ce tsohuwar waƙa ce, sai su ce to motar fa?"

Na buɗe baki in ce girmama shi na yi niyya. Ya ɗaga hannu.

"Na sani. Ba ka rage mini komai ba, na gode." Ya dubi wajen duwatsun. "Amma daga gari zuwa nan ba nisa, ɗana. Me ya hana ka zo ka duba ni kafin ka rera?"

Tsoron hanya ne ya hana ni, duk shekarun nan. Na zauna ina kallon ƙafafunsa.