Katin da Ya Shekara a Cikin Leda

Ranar da aka yi jana'izar Malam Dogara a Malumfashi, kafin a tayar da salla liman ya juyo ya fuskanci jama'a kamar yadda aka saba, ya ce duk wanda yake bin mamaci bashi ya yi magana, ga 'ya'yansa nan tsaye. Ya faɗa, ya maimaita, ya sake maimaitawa. Ko tari ba wanda ya yi. Wani tsoho a sahun baya ya ce ai Dogara ko allura bai taɓa ara ba. Ɗansa Zulkiflu yana saurayi a lokacin, kuma cikin duk abin da uban ya bari, 'yar gona da tsohon keke da buta, wannan shirun ne gadon da ya riƙe hannu bibbiyu.

Da shi ya sauka Doha. Aikinsa gadi ne a ƙofar wata gona a Umm Salal, inda maigidan ba ya leƙowa sai ranar Juma'a, shi ma sai in zafi ya sauka. Daga safe har yamma ba abin da yake gani sai bishiyoyin dabino da motar ruwa da wata mage mai ido ɗaya da ta mai da ƙarƙashin kujerarsa gidan ubanta. In motar kamfani ta dawo da shi unguwar Fereej Abdel Aziz, ɗakin da yake kwana cike yake da maza, amma kowa da lokacin aikinsa, wani na shiga wani na fita. Ya fi sanin takalmansu a bakin ƙofa fiye da fuskokinsu.

To, zaman irin wannan ɗaki, ai da aro ake yin sa. Wannan ya ari gishiri, wancan ya ari cajar waya, wani ya ce a saya masa shayin karak zai biya ranar albashi, ranar albashi ta zo a yi ta tsiya ana dariya. Da haka ake sabawa. Masu magana sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ban da cikin Zulkiflu. In cajarsa ta lalace, gara wayar ta kwana a mace. In aka miƙo masa shayi, sai ya laluba aljihu ya ajiye kuɗin a gefen tabarma. Mutane kuwa ba sa son wanda ba ya buƙatarsu. A hankali aka daina miƙo masa, aka kuma daina tambayarsa komai. Ana gaishe shi da ladabi, Malam Zulkiflu an dawo lafiya, shi ke nan. Yana jin kaɗaicin har cikin ƙashinsa, amma bai taɓa haɗa shi da halinsa ba.

Mutum ɗaya ne bai gaji da shi ba, wato Dramani, wani direba ɗan zangon Accra mai surutu kamar rediyo. Shi ne ya zaunar da shi wata rana ya ce gadin nan ba zai taɓa kawo masa matarsa ba. Haulatu tana can Malumfashi da 'yarsu Mansuratu, wadda ta fi sanin ubanta a cikin gilashin waya. Shekarun auren da yawa, amma in aka tara kwanakin da suka yi a ɗaki ɗaya ba za su cika shekara ba. Dramani ya ce hanya ɗaya ce: ya karɓi mota ta hannun banki yana biya wata-wata, ya sa ta a kamfanin ɗaukar fasinja kamar yadda shi ya yi, abin da yake samu ya ninka, ya kama ɗakin kansa, Haulatu ta zo ko da ziyara ce ta 'yan watanni.

Zulkiflu ya daɗe yana kokawa da maganar. Mota a hannu ba a gama biya ba, ai bashi ne ko da wane suna aka kira shi. Amma da ya tuna yadda Haulatu take kashe waya da sauri in muryarta ta fara rawa, sai ya wanke kaftaninsa ya tafi banki.

A can wani matashin ma'aikaci ya danna sunansa a kwamfuta, ya duba, ya ce ba shi da tarihi. Zulkiflu ya ji kamar an zage shi. Shi ne ba shi da tarihi, ɗan Malam Dogara? Ma'aikacin ya ce ba wani abu ba ne, ma'anar ita ce bai taɓa karɓar komai a hannun kowane banki ba, don haka ba a san shi ba. Ya fara da katin bashi, ya shekara da shi, sannan ya dawo a yi maganar mota. Ya shimfiɗa masa kati iri-iri a kan tebur. Akwai wani baƙi mai ƙyalli da ake tara maki da shi har a sami tikitin jirgi, wannan kam ya ja ransa, don har ya hango Haulatu a kujerar taga. Amma da ya ji in an makara wajen biya ana ɗora kuɗin ruwa, sai ya janye hannunsa kamar ya taɓa garwashi. Ya je ya tambayi limamin masallacin unguwarsu, ya koma ya tambayi wani malami ɗan Sudan, ya yi istihara. A ƙarshe ya zaɓi mafi ƙanƙanta, wani kore marar ado na tsarin Musulunci, wanda ba ruwa a kansa.

Ma'aikacin ya yi ta bayani da Turancinsa mai gudu, Zulkiflu yana gyaɗa kai. Rabin maganar ta wuce shi, amma bai ce a maimaita ba, don a wurinsa tambaya ma wani irin roƙo ne. Kuma me zai tambaya? Shi a ganinsa ya gama gane wasan. An ba shi kati ne a gwada shi, a ga ko zai miƙa hannu. To, sun samu daidai da su. Ya naɗe katin a leda, ya sa shi a ƙasan akwati tare da fasfo, ya rufe.

Saƙon banki ya riƙa shigowa wayarsa, ana cewa ya kunna katin ya fara amfani da shi. Yana zaune a ƙofar gona sai ya karanta ya yi murmushi, ya ce wa magen ga su nan sun sake zuwa da jarabarsu. Har wani daɗi yake ji, irin na mai azumi da ya wuce mai tsire bai waiwaya ba. Dramani kuwa a lokacin ya tashi ya koma wata unguwa, ba mai leƙa akwatin Zulkiflu balle ya ce masa kai, ba haka ake yi ba. Daga baya saƙon ya daina zuwa, ya ce alhamdu lillahi, sun haƙura.

Da shekara ta kusa cika ya kira Haulatu ya ce ta fara shiri. Baiwar Allah ta ɗauki maganar da gaske, don mijinta ba ya faɗin abin da ba shi ba ne. Ta yi ta zirga-zirga Katsina har fasfonta da na yarinya suka fito. Ta sallami masu kawo mata ɗinki, ta ce su nemi wata. Keken ɗinkin ma ta ba ƙanwarta Safura, wadda za a kai ɗaki bayan salla.

Ranar da ya koma banki, ya kwance ledar a gaban ma'aikacin a hankali, ya tura masa katin sabo fil, ko takardar da aka manna a fuskarsa ba a ɓare ba.

"Ga amanarku," in ji shi. "Ko riyal ɗaya ban taɓa ba."

Ma'aikacin ya juya katin, ya dubi kwamfuta, ya dubi Zulkiflu. Ya ce ai an daɗe da rufe wannan katin tunda ba a kunna shi ba. Shafinsa yana nan fari kamar ranar farko. Abin da ake so a gani shi ne ya saya da katin, ya biya a kan lokaci, wata bayan wata. In yana so za a ba shi wani, a fara lissafi daga yau.

Bai san yadda ya kai kasuwar Souq Waqif ba. A nan Dramani ya same shi a kan benci, kusa da inda masu tura baro suke hutawa. Da ya ji labarin ya fashe da dariya har da buga cinya, sai ya ga fuskar mutumin, ya bar dariyar.

"Malam," ya ce, "wanda bai taɓa ara ba, ta ina za a san yana mayarwa?"

Ya sayo karak kofi biyu ya miƙa masa ɗaya. Hannun Zulkiflu ya nufi aljihu kamar kullum, ya tsaya a hanya. Ya karɓa ya sha, bai biya ba, kuma shayin bai shaƙe shi ba.

Kiran Haulatu ne ya fi komai wuya. Ya yi shi da rana tsaka a ƙofar gona, ya gaya mata komai ba tare da ya rage ba, har ledar. Ya so ta yi faɗa, da ya fi masa sauƙi. Amma sai ta ce ba komai, fasfo ai ba ya cin abinci, yana nan ƙarƙashin katifa. Keke kuwa an riga an bayar, ba za ta je ta karɓe shi daga ɗakin amarya ba.

"Ni zan iya jira, Baban Mansura," ta ce. "Yarinyar ce ta daina tambayar yaushe."

Sabon katin da aka ba shi bai kwana a leda ba. Ya shiga wani shago a Fereej Abdel Aziz ya sayi ƙaramin keken ɗinki mai aiki da lantarki. Da ya ɗora katin a kan na'urar ta yi ƙara, sai ya ce a ransa Baba ka yafe mini. Keken yana nan cikin kwalinsa ƙarƙashin gado, yana jiran mai shi. Wata na biye ya sayi almakashi da zare, na gaba kofuna uku. Yana biya tun kafin ranar ta zo, kuma sauran watannin suna da yawa.

Yanzu duk ƙarshen wata saƙon banki yana shigowa wayarsa da cikakken sunansa, Zulkiflu Dogara, ana tuna masa abin da ake bin sa. Ba ya goge shi. Yakan karanta shi sau biyu a ƙofar gonar, mage tana barci a ƙafarsa. Wata rana ya kama kansa yana tunanin cewa in ta Allah ta kasance a garin nan, liman ya juyo ya tambayi jama'a, aƙalla yanzu akwai mai amsawa.